Anten ɗin salula: a san ƙasa kafin a kafa ƙarfe

Yau a ƙasarmu Nijar da wuya ka shiga babban gari ba ka tarar da dogon ƙarfen nan na salula ba, wanda jama'a ke kira anten. In kana tafe bisa babbar hanya daga Yamai zuwa Difa, shi ne ke fara gaya maka ka iso gari tun kafin ka hango hasumiyar masallaci. Ƙauyen da bai samu nasa ba kuwa kullum cikin kai kuka yake wajen hukuma, domin ta rezo ɗin nan ne ɗan ci-rani ke aiko da kuɗi daga Abijan, ta nan ake jin farashin wake da albasa, ta nan ake kiran motar asibiti in haihuwa ta zo da gardama.

Tun daga shekara ta 2001 da kampanin Celtel ya fara aiki a ƙasar nan, sunayen kampanoni sun yi ta canzawa. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange da ya zo a 2008 an sayar da shi a 2019, ya zama Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom sun haɗe a 2016 suka zama Niger Telecom. Suna yana canzawa, fenti yana canzawa, amma ƙarfen da aka kafa yana nan bisa tushen da aka zuba masa tun ranar farko, kuma mutanen da ke kwana ƙarƙashinsa su ne dai na jiya.

Abin da muke so mu faɗa yau guda ne. Kada a sake kafa anten a ƙasar nan sai an binciki ƙasar wurin, an zaɓi tushen da ya dace da ita, an kuma ajiye takardar binciken a ma'aikatar magajin gari inda duk wanda abin ya shafa zai iya zuwa ya gani.

Tsoronmu ya tafi sama, hatsari yana ƙasa

In aka zo kafa anten cikin unguwa, gardamar da ta fi tashi ita ce ta tururin da ake cewa yana fitarwa, wai yana sa ciwon kai ko ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana tun 2006 cewa binciken da aka yi bai nuna wata gamsasshiyar shaida ba cewa ɗan siginar da ke fitowa daga waɗannan anten yana cutar da lafiya. Amma tambayar da ta fi cancanta a yi, wato mene ne ke riƙe da wannan ƙarfe mai tsawon mita 40 ko 60 in hadari ya taso, ba kasafai ake jin ta ba. Dalili kuwa shi ne tushe abu ne da ake binnewa. In aka rufe rami aka share wuri, aiki mai kyau da aikin ha'inci kamarsu ɗaya a ido.

Ya kamata mu gane cewa anten ba kamar ɗaki yake ba. Ɗaki nauyinsa ne ke danne ƙasa, tushensa kuwa aikinsa ya hana shi nutsewa. Shi anten, in aka dubi tsawonsa, ba ya da wani nauyi na a zo a gani; babban abokin gabansa iska ce. In iska ta bugo daga gabas, ƙafafun da ke yamma suna danna ƙasa, na gabas kuwa iska tana neman ta tumɓuke su kamar yadda ake tuge rogo. Ke nan tushen anten aiki biyu gare shi: ya hana nutsewa, ya kuma hana tumɓukewa.

Kuma ƙarfin iska ba ya hawa a hankali. In gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta yana ninkawa sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana tura kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 50. In ta kai kilomita 150, nauyin ya zarce kilo 100. Duk wanda ya san iskar da ke gabatar hadarin farkon damana a ƙasar nan, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura tana yaye rufin kwano tana karya bedi, ya san ba tatsuniya muke yi ba.

Bari mu ɗauki misali don lissafi ya fito fili. A ce duk ƙarfin iskar da ke bugun wani anten ya kai tan 5, kuma tsakiyar bugun tana mita 30 daga ƙasa, tazarar ƙafafunsa kuwa mita 6 ce. To ƙafafun da ke gefen iska za a fizge su sama da ƙarfin tan 25. Beto, wato kankare, nauyin kowane mita kubik nasa kimanin tan 2,4 ne, don haka in da nauyin beto kaɗai za a dogara, ana buƙatar fiye da mita kubik 10. Amma in ruwa ya cika ƙasa ya rufe tushen, kowane mita kubik yana rasa nauyin tan guda, kamar yadda guga cike da ruwa ba ta yin nauyi sai ta baro ruwan rijiya. A nan sai an kai kusan mita kubik 18. Tushen da ya isa a watan Afrilu yana iya kasawa a watan Agusta, alhali kuwa a damana ne iska mai ƙarfi take zuwa.

Ƙasar Nijar ba iri ɗaya ba ce

Manomanmu sun riga injiniyoyi sanin wannan. Kowane manomi ya san bambancin jigawa da geza, da fako, da fadama, kuma ba ya shuka masu iri ɗaya. To don me za a zuba masu tushe iri ɗaya?

Jigawa, irin wadda ta mamaye arewacin jahar Maraɗi da ta Damagaram, rairayi ne wanda iska ta tara. A bushe yana iya ɗaukar kaya, amma in bai danne ba, ranar da ya sha ruwa sosai yakan zauna farat ɗaya. Ga shi kuma ruwa mai gudu da iska suna kwashe shi daga gefen tushe. A irin wannan wuri sai an sauka zurfi, an daddaɓe ƙasan ramin, sau da yawa kuma an haɗe ƙafafun duka bisa faifan beto guda mai faɗi, don in gefe ɗaya ya so zama, sauran su riƙe shi.

Fadama kuwa, kamar ta Gulbin Maraɗi, da Gulbin Kaba, da kwarin Maggiya da na Tarka, laka ce. Akwai lakar da ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta daddare in rani ya yi. Kowa ya ga irin tsagar nan da hannu ke shiga cikinta. Tushen da aka ɗora bisa wannan laka, damana ta ɗaga shi, rani ya sauke shi, kuma ba a daidai ƙafafun ke hawa da sauka ba. In ƙafa ɗaya ta fi ƴar uwarta zama da santimita ƙalilan, can ƙololuwa karkatar takan ninka sau da yawa, ƙarafan jikin su ɗauki nauyin da ba a lissafa masu ba. Maganin a nan shi ne a zarce zurfin da damana da rani ke taɓawa, ko a kwashe lakar a maye ta da jar ƙasa mai marmara da aka daddaɓe, ko kuma a kafa turakun beto masu zurfi har su taka ƙasa mai ƙarfi.

Birnin Damagaram bisa dutse yake zaune, kowa ya san manyan duwatsun Birni. Dutse tushe ne mai kyau, har ana iya huda shi a dasa sandunan ƙarfe a ciki a rage yawan beto. Amma akwai tarko: mai haƙa yana iya cin karo da ƙaton dutse guda da ke kwance cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa, ya ɗauka ya iso falalen dutse na asali. In ƙafa ɗaya ta hau dutse, sauran suka hau ƙasa mai laushi, an sayi karkata da kuɗi.

A Adar, cikin jahar Tawa, tuddan duwatsu ne da zurfafan kwaruruwa. Kampanoni suna son kan tudu domin rezo ya yi nisa, wannan kuwa daidai ne, sai dai bakin gangare wuri ne da ruwa ke ci kowace shekara, kuma ƙarƙashin ɓawon dutsen sama sau da yawa akwai ƙasa mai laushi. A Dallol Boso da Dallol Foga, da tafkunan Gidimuni, ruwa yana kusa, kuma akwai kanwa da gishiri masu cin beto, su sa ƙarfen cikinsa ya yi tsatsa. A can sai an zaɓi siminti mai jure wannan, an kuma ƙara kaurin beton da ke lulluɓe ƙarfe.

A cikin birane kuma akwai wani hatsarin da taswira ba ta nunawa. Filaye da yawa da ake gani sumul yau, jiya kududdufi ne inda aka ɗebi ƙasar tubali, aka cike shi da shara shekara da shekaru. Wani wurin tsohuwar rijiya ce, wani marina ce, wani juji. Irin wannan fili shi ne ya fi araha, shi ne kuma ya fi saurin samuwa cikin cunkoson unguwa. Injiniyan da ya zo daga nesa ba zai sani ba, amma mai unguwa ya sani, tsofaffin unguwa sun sani, masu haƙar rijiya sun san abin da ke ƙarƙashin garin taki bayan taki. Tambayarsu ba ta cin ko dala.

Ruwa ya canza hali

Wani zai ce ai an daɗe ana kafa anten ba a ga komai ba. To damanar yanzu ba irin ta shekarun fari ba ce. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa madatsai ya mamaye unguwannin bakin kogi. A 2024 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da mutum miliyan guda, ta yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe. Mutanen Maraɗi kuwa ba sa buƙatar a tuna masu: ambaliyar 1945 ce ta sa garin ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu, kuma har yanzu zaizayar ƙasa tana cin gefen tudun nan.

Ranar ambaliya ita ce ranar da aka fi buƙatar rezo, don a kira ƴan kwana-kwana, a nemi ƴan uwa, a san hanyar da ta yanke. In anten ya karkata ko wutarsa ta nutse a wannan rana, asarar ta wuce ta kampani.

Yadda aikin kirki yake

Ba wani sirri ba ne. Kafin a zana tushe, a haƙa ramukan gwaji, a buga sandar awo cikin ƙasa don a san ƙarfinta mita bayan mita, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, a san inda ruwa yake a rani da inda yake kaiwa a damana. Muna da ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa mai kula da manyan ayyuka da gine-gine, LNTPB, a Yamai, akwai ofisoshin bincike masu zaman kansu, muna kuma da ɗiyanmu da suka fito daga makarantar EMIG da jami'o'inmu. Masu sani ba su ne suka yi ƙaranci ba.

In an zo aiki, a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki, a kula da gidan gara. A shimfiɗa siririn beto a ƙasan rami kafin a jera ƙarfe, kada ƙarfe ya kwanta bisa ƙasa. A bar masa aƙalla santimita 5 na beto ta kowane gefe. Ma'aunin da maginanmu suka sani na beto mai ƙarfe shi ne kilo 350 na siminti a kowane mita kubik, wato buhu 7. Wanda ya sa buhu 5 ya aljihunta 2, babu mai ganewa a ranar. Rairayi ya zama wankakke marar laka, tsakuwa mai ƙarfi, ruwa mai tsabta ba na tafkin kanwa ba. Cikin zafin bazara, beton da ba a shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7 ba yakan ƙone tun bai nuna ba. A ɗebi samfurin beton a matse shi a ɗakin gwaji bayan kwana 7 da kwana 28, kada a ɗora ƙarfe sai sakamako ya nuna ya yi ƙarfi.

Sai mayar da ƙasa cikin rami, wanda shi ne aka fi rainawa. Ƙasar da ke bisa tushe tana cikin nauyin da ke hana tumɓukewa. Ƙa'ida ita ce a zuba ta kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 20 zuwa 30, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji, sannan a ƙara wata. In aka tura ta gaba ɗaya da shebur aka share sama, ruwan farko zai mayar da wurin kwatami. A ɗaga dandalin ya fi kewayensa tudu, a yi ma ruwa hanya, amma ba hanyar da za ta juye shi gidan maƙwabci ba. Kada kuma a manta da wayar da ke kai tsawa cikin ƙasa: busasshen rairayi da dutse ba sa karɓar wuta da sauƙi, don haka ita ma sai an auna, in ba haka ba aradun da ya sauka bisa anten yana iya neman hanya ta cikin na'urori da wayoyin kusa.

Masu cewa tsada ce

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce bincike yana cin kuɗi da lokaci, ga ƙauyuka da yawa suna jiran rezo, ga tsadar man janareto, ga matsalar tsaro da ke sa kampanoni asara a wasu yankuna. Za a kuma ce kampani ba mahaukaci ba ne da zai so kayansa na miliyoyi su faɗi. Duka wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce kampanoni ba sa bincike ba. Manyansu suna da ƙa'idoji a rubuce.

Amma tsakanin ƙa'idar da ke ofis a Yamai da ramin da ke ƙauye akwai hannuwa da yawa. Kampani ya ba babban ɗan kwangila, shi ya yanka ma ƙarami, ƙarami ya ɗauko magina da lebura, kowane hannu kuma yana cire nasa. A irin wannan sarƙa, jarabar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauko zanen tushen da aka yi ma wani wuri a liƙa ma wani, ko a yi gwaji ɗaya a ce ya wadatar da wurare goma. Kuɗin binciken ƙasa ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin anten da na'urorinsa, balle a gwada shi da ran mutum. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga baya. Anten da aka lissafa ma kayan kampani ɗaya a zamanin da salula kira kawai take yi, yau an ɗora masa kayan 3G da 4G, wani lokaci na kampani biyu ko uku. Raba anten tsakanin kampanoni dabara ce mai kyau, tana rage tsada. Har ma akwai kampanonin da sana'arsu ke nan, mallakar anten da ba da hayarsa, kamar Eaton Towers da ya yi aiki a Nijar kafin American Tower ya saye shi a 2019. Amma kowane faranti da aka ƙara a sama ƙarin wurin kamun iska ne, tushe kuwa bai ƙaru ba. In anten ya canza hannu, ya kamata takardun tushensa su bi shi. Haka nan waɗanda ake ɗorawa bisa rufin benaye: a tabbatar ginin zai iya ɗauka kafin mai gida ya karɓi kuɗin haya.

Kiranmu

Ga hukumar ARCEP mai sa ido kan harkokin sadarwa, da ma'aikatun ministocin sadarwa da na tsara birane, muna kira da su sa takardar binciken ƙasa ta kowane wuri, da zanen tushe, da sakamakon gwajin beto, su zama sharaɗi kafin a kunna anten, kuma a sake lissafi duk lokacin da za a ƙara kaya a sama.

Ga ma'aikatun magajin gari, ko zaɓaɓɓe ne ke riƙe da su ko naɗaɗɗe, kada aikinku ya tsaya ga karɓar haraji. Ku nemi kofin waɗannan takardu ku ajiye, ku aika ma'aikacinku ya ga rami da ƙarfe kafin a zuba beto, domin bayan an rufe sai dai labari. A karkara, kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tare da sarakuna da masu gari, suna da ta cewa kan inda ruwa ke bi da inda bai kamata a gina ba.

Ga kampanoni, ku zagaya tsofaffin anten ɗinku bayan kowace damana, musamman na bakin gulbi da bakin gangare. Ku biya ƴan kwangila kuɗin da zai ishe su yin aikin gaskiya, ku kuma sa mai duba aiki wanda ba ɗan kwangila ne ke biyan shi ba.

Ga mu talakawa, mai filin da aka zo haya kada zaƙin kuɗi ya sa ya ɓoye cewa wurin tsohon kududdufi ne, domin iyalinsa ne na farko a ƙarƙashin ƙarfen. Maƙwabta kuma, in kun ga tsaga a jikin beto, ko ƙasa ta zauna a gindin ƙafa, ko ruwa yana kwana a dandalin, ko zaizaya ta matso kusa da shinge, ko ƙarfen ya fara kallon gefe, ku sanar da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari tun da wuri, a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna son rezo ya kai kowace rugga da kowane ƙauye na ƙasar nan, amma muna son ya kai bisa tushen da uwa za ta kwantar da ɗiyanta kusa da shi cikin daren hadari ba tare da fargaba ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu da sharrin iska da ruwa, ya ba shugabanninmu ikon tsayawa kan gaskiya. Amin.